Yanda zaka ciro kod ɗin jita na waƙar buluz da kunnenka, daga faifai kawai

Masu koyon jita suna yawan kawo min tambaya ɗaya, wai mutum ya ji waƙar buluz, wato tsohon kiɗan nan na baƙaƙen Amurka, ta shiga ransa, ya nemi rubutaccen kod ɗinta, wato sautukan da ake haɗawa a buga tare, bai samu ba, ko ya samu amma da ya kaɗa sai yaji sam basu dace da abinda ke cikin faifan ba, to yaya zai yi? Amsar ita ce ka ciro su da kanka. Buluz ta fi kusan kowane irin kiɗa sauƙin wannan aikin saboda yawancin waƙoƙinta kod uku ne kacal. Abinda ke ba mutane wahala shine suna bin sautin jitar da ke kuka a sama alhali amsar tana ƙasa wajen bes, jitar nan mai kaurin sauti. Ga yanda ake yi, kuma don Allah ka bi jerin yanda na jera shi.

1. Haɗa kayan aiki

Jitarka, hedifon mai rufe kunne, biro da takarda, sai manhajar da zata rage maka gudun waƙa. Ba sai ka kashe ko sisi a manhaja ba. Audacity kyauta ce a kwamfuta, VLC ma kyauta ce kuma tana da maɓallin A-B da zai riƙa maimaita maka ɗan guntun waje, in ma a YouTube waƙar take zaka iya sauke gudun zuwa 0.75 ko 0.5. Akwai na kuɗi irinsu Transcribe! da Amazing Slow Downer, suna da kyau ƙwarai amma mai farawa baya buƙatarsu. In akwai inda ya kamata kuɗinka ya tafi to hedifon ne, sai kapo, ɗan maƙalin nan da ake ɗaurawa a wuyan jita don ɗaga sauti, in baka da shi.

Gargaɗi: kar ka yi wannan aikin da sifikar waya. Tsirkiyar bes mafi kauri tana kaiwa ƙasa har wajen hertz 41, sifikar waya bata iya fitar da wannan, kenan abinda kake nema tun farko baya ma isowa kunnenka.

Gargaɗi na biyu: a Audacity ka zaɓi Change Tempo. Ɗayan da ke canza gudu tare da sauti zai sauke maka waƙar gaba ɗaya zuwa wani kii daban (zamu zo kan kii a mataki na 4), ka zauna kana ciro kod ɗin da babu su.

2. Saita jitar, sannan ka duba ko faifan ma a saite yake

Saiti na yau da kullum daga tsirkiya mai kauri zuwa siririya: E A D G B E, da A a kan hertz 440. Yi wannan da manhajar saiti a waya. Amma fa tsofaffin faya-fayai, musamman na zamanin garmaho masu juyawa 78 a minti, da yawansu basa zaune daidai kan 440, ko dai makaɗin ya saita jitarsa da kunne shi kaɗai ba fiyano a ɗakin, ko na'urar ɗauka ta ɗan yi sauri ko ta yi nauyi. Zaka gane haka in ka ga sautin waƙar ya faɗa tsakanin firet biyu, wato rabe-raben da ke wuyan jita, wannan ya yi ƙasa wancan ya yi sama. Ba kunnenka bane ya lalace. Sai ka ɗan ɗaga ko ka sauke sautin faifan kaɗan da Change Pitch har ya hau kan firet ɗaya, ya fi sauƙi a kan ka sake murɗa tsirkiya shida.

3. Ajiye jitar ka ƙirga

Wannan shine matakin da kowa ke tsallakewa kuma shine rabin aikin. Jingine jitar, ka saurari waƙar daga farko zuwa ƙarshe kamar sau uku kana buga ƙafa. Bugu huɗu shine gaɓa ɗaya. In akwai ganga, ƙarar nan mai kaifi ta ƙaramar ganga tana sauka ne a bugu na 2 da na 4, ita zata riƙe maka lissafi. Ƙirga haka: ɗaya 2 3 4, biyu 2 3 4, uku 2 3 4, har ka ji waƙar ta zagayo ta dawo inda ta faro. A mafi yawan lokuta zaka tsaya a 12.

Baitin ma zai taimake ka. A buluz mai gaɓa 12 mawaƙi yakan rera layi ɗaya, ya sake maimaita shi, sannan ya kawo layi na uku da zai amsa su. Kowane layi gaɓa huɗu ne, yakan rera kamar biyu ya bar wa jita biyu ta bashi amsa. In ka ji ya fara maimaita layin farko to kana gaɓa ta 5, in ya shiga layin ƙarshe kana ta 9.

Zana akwati 12 a takarda, huɗu huɗu a layi uku. Sake kunna waƙar, duk akwatin da ka ji wani abu ya motsa a ƙasa ka sa masa alama. Kar ka damu da sunan kod tukuna, inda aka canza kawai muke nema.

Gargaɗi: kar ka fara ƙirga daga sakan na farko. Gabatarwa sau da yawa gaɓa huɗun ƙarshe ne aka ɗauko aka fara da su, ko biyun ƙarshe. Fara daga inda baiti ya shiga, kuma ka lura mawaƙi yakan jefo kalma biyu uku kafin bugun farko, ainihin "ɗaya" shine inda bes da ganga suka sauka tare.

Wani gargaɗin: a buluz mai tafiyar hawainiya kowane bugu an raba shi uku, ta-ta-ta ta-ta-ta. In ka ɗauki waɗannan ƙananan a matsayin bugu lissafinka zai kumbura ka rasa inda kake. Bi ƙafarka da gangar nan ta 2 da 4.

4. Nemo gida

Gida shine sautin da waƙar ke komawa ta huta, shine kii ɗin waƙar. Kunna baitin farko ka rufe baki ka riƙa gunjin sauti ɗaya, mmm, wanda ka ji ya zauna da komai ba tare da ya yi karo ba. Tsayar da waƙar kana ci gaba da gunjin, ɗauki jita, ka bi tsirkiya ta 6 mai kauri firet bayan firet har ka ci karo da shi. A wannan tsirkiyar, a sake E ce, firet na 1 F, na 3 G, na 5 A, na 7 B, na 8 C, na 10 D, na 12 E kuma. Muryarka ce gada tsakanin faifan da yatsunka, shi yasa nake nacewa a kan gunjin nan ko da kana ganin baka iya waƙa ba.

Da ka samu, sake kunna waƙar ka riƙa buga wannan sautin ɗaya tilo tun daga gaɓa ta 1 har ta 12. In gida ne na gaskiya zai zauna daram a farko, ya ci gaba da daɗi a gaɓa ta 5, ya ɗan yi tsami a ta 9, ya dawo ya kwanta a ta 11.

Gargaɗi: kuskuren da aka fi yi anan shine kama na biyar, wato sauti na biyar in ka ƙirga daga gida, a maimakon gida, misali waƙar tana A kai ka kama E, saboda E tana cikin kod ɗin A kuma tana daɗi a kai. Gwada sautin da ke firet biyar sama da wanda ka kama, in shi ya fi zama to shine gidan. Sannan kar ka ɗauki kod ɗin gaɓa ta 12 a matsayin gida, yawanci ba shi bane. Kod ɗin da aka rufe waƙar gaba ɗaya da shi, wannan kam kusan kullum gida ne, in dai ba a hankali aka rage sautin har ya ɓace ba.

5. Cika akwatunan da bes

Tunda ka san gida, ka riga ka san sauran biyun da ake zato, na huɗu da na biyar. Ba sai ka yi lissafi ba, wuyan jitar zai nuna maka: in gida yana kan tsirkiya ta 6, na huɗu yana kan firet ɗin nan dai amma a tsirkiya ta 5, na biyar kuma ka ƙara firet biyu gaba. A kii ɗin A kenan gida firet na 5 a tsirkiya ta 6, D firet na 5 a tsirkiya ta 5, E firet na 7 a tsirkiya ta 5. A kii ɗin E zaka samu E, A, B. A G kuma G, C, D.

Tsarin da aka fi ji, a kii ɗin A:

A A A A
D D A A
E D A E

Amma wannan zato ne kawai, aikinka shine ka tabbatar da kowane akwati. Sa maimaici a kan gaɓa ɗaya, rage gudu zuwa kashi 75, ka saurari sautin da bes ya buga a bugun farko na gaɓar. Shi kaɗai. Bes yakan yi yawo a sauran bugu ukun amma a na farko kusan kullum tushen kod ɗin yake takawa. Gunje shi, nemo shi, rubuta.

Wurare uku ne suka fi bambanta daga waƙa zuwa waƙa, su zaka fi zuba wa kunne. Gaɓa ta 2: wasu suna leƙawa na huɗu su dawo gida a ta 3. Gaɓa ta 10: wasu suna sauka na huɗu, wasu suna zama a kan na biyar gaɓa biyu. Gaɓa ta 12: ko na biyar ko a zauna gida.

In bes ɗin ya nutse baka jinsa, ga dabara: ɗaga sautin faifan duka da rabin-sauti 12 a Audacity (rabin-sauti shine tazarar firet ɗaya). Muryar mawaƙin zata koma wata siririya amma bes zai fito fili kamar jita, kuma sunan sautukan bai canza ba. A faya-fayan sitiriyo na shekarun 1960 kuma sau da yawa an ware kayan kiɗa, wasu a kunnen hagu wasu a dama, cire kunne ɗaya ka ji wanne ne ke ɗauke da bes. In kuma mutum ɗaya ne da jitarsa ba ƙungiya, babban yatsansa shine bes ɗinka.

Gargaɗi: kar ka sauke gudu ƙasa da rabi, sautin yana dagulewa ya zama ruwa, ka rasa bugun ma gaba ɗaya.

6. Wane irin kod ne

Yanzu kana da tushe, saura launi. A buluz zato na farko shine duka ukun masu 7 ne, wato an ƙara musu sauti na bakwai, A7 D7 E7, ba kamar sauran kiɗa ba inda galibi na biyar ne ke ɗaukar 7. Ga hanya mai sauƙi ta gwadawa da sauti biyu kawai. A kan kod ɗin A, danna tsirkiya ta 4 a firet na 5 da tsirkiya ta 3 a firet na 6, wato G da C# (alamar # na nufin firet ɗaya sama), waɗannan biyun su ne ran A7. In waƙar ta koma D, ja yatsun biyu baya firet ɗaya, 4 da 5, ka samu ran D7. In ta je E, tura su gaba firet ɗaya daga inda ka faro, 6 da 7, E7 kenan. Bi faifan da wannan ɗan motsin, in duk ya zauna to ka gama da wannan.

Sai maganar meja da maina, wato kod mai sautin fara'a da mai sautin jimami, kuma anan ne buluz ke yaudarar kunne. Mawaƙi da mai jitar gaba suna yawan taɓa C a kan kod ɗin A7 mai ɗauke da C#, ko su ja tsirkiya su tsaya tsakanin biyun, wannan gogayyar ita ce ɗanɗanon buluz ɗin kanta. Mai koyo sai ya ji C ɗin nan ya rubuta Am. A'a. Saurari mai rakiya, jitar baya ko fiyano ko ogan. Riƙe firet na 6 a tsirkiya ta 3 tsawon gaɓa guda, sannan ka riƙe na 5, wanda ya narke cikin rakiyar shine gaskiya. In da gaske maina ce zaka ji C# tana cizo sosai, to sai ka koma Am7 da Dm7, kuma ka sa ido a gaɓa ta 9 da ta 10 don a buluz maina an fi sa F7 sannan E7.

In kod ɗin ya yi maka santsi da faɗi fiye da 7 na yau da kullum, musamman inda akwai masu busa, gwada 9. Salon makaɗin jita T-Bone Walker kenan da duk waɗanda suka biyo sawunsa. D9: tsirkiya ta 5 firet na 5, ta 4 firet na 4, sauran ukun sirara duka firet na 5 da yatsa ɗaya a kwance. Suna son zame sirara ukun nan firet biyu gaba su dawo, wannan ado ne, kod bai canza ba.

Gargaɗi: tafiyar shaful ɗin nan, dum-da dum-da, irin ta faya-fayan Jimmy Reed, inda ake buga tsirkiya ta 6 a sake ana musanya firet na 2 da na 4 a tsirkiya ta 5, wani lokacin har na 5, duk kod ɗaya ne, E. Manhajojin da ke cewa zasu ciro maka kod da kansu anan suke rikicewa su jero maka sunaye barkatai a gaɓa ɗaya. Rubuta E7 ka wuce.

7. Shan kwana

Gaɓa ta 11 da ta 12 su ne inda waƙar ke shan kwana ta koma farko, kuma nan ne sautuka suka fi cunkushewa. Kar ka tsorata, yawanci layi ɗaya ne ke tafiya rabin-sauti rabin-sauti zuwa na biyar. A kii ɗin E ko dai yana gangarowa E D C# C B, ko yana hawa E G# A A# B, duk su sauka a B7. Sau da yawa ana taɓa C7 ko C9 na bugu ɗaya kafin a zame zuwa B. Sa maimaici a gaɓa biyun nan kawai, rabin gudu, ka fara gano hawa ake ko sauka, sannan ka nemo sautin da ya tsaya cak baya motsi a sama, galibi gida ne. Sauran cikon zasu biyo baya.

8. In abin ya ƙi shiga tsari

Ka ƙirga ka samu 8? Akwai buluz mai gaɓa 8, ɗaya daga cikin tsarinta shine A E D D A E A E, alamarta ita ce zuwa na biyar da wuri tun a gaɓa ta 2. Akwai mai 16 ma. Ka ji bes ya hau firet ɗaya a gaɓa ta 6, daga D zuwa D#? Wannan D#dim7 ne: tsirkiya ta 5 firet na 6, ta 4 na 7, ta 3 na 5, ta 2 na 7. Ka ji baƙon kod a gaɓa ta 8? Gwada F#7, in shine to Bm7 da E7 na biye da shi.

Su kuma tsofaffin da ke kaɗawa su kaɗai basu ɗauki 12 a matsayin doka ba. Lightnin' Hopkins yakan canza kod lokacin da ya ga dama, baiti ɗaya ya yi 13 wani 11 da rabi. John Lee Hooker yana da waƙoƙi da yawa da ya zauna kan kod ɗaya daga farko har ƙarshe. Ga irin waɗannan ka daina bin akwati, rubuta kalmomin baitin ka sa sunan kod a saman kalmar da aka canza a kanta. Ni a ganina ma kar mai farawa ya soma da su, ya fara da ƙungiyoyin Shikago na shekarun 1950 masu bes da ganga, inda lissafi ke zaune, in kunne ya goge sai ya koma wajen tsofaffin nan.

9. Kod daidai ne amma sautin ba iri ɗaya ba

Wannan na faruwa sosai kuma yawanci saiti ne ko kapo. Tsirkiyar da aka buga a sake tana da wata ƙara mai tsawo da ta bambanta da wadda aka danne, koyi jin ta. In waƙar tana F# amma kana jin tsirkiyoyi a sake suna ringi, to kapo ne a firet na 2 ana kaɗa siffofin E. In tana Eb, wato rabin-sauti ƙasa da E, kuma akwai sauti mai kauri da jitarka bata kaiwa, an sauke duka tsirkiyoyin rabin-sauti ne, haka Stevie Ray Vaughan yake saita tasa, Jimi Hendrix ma ya yi hakan da yawa. Sauke taka ka kaɗa kamar kana E.

In kana jin zamiya ta wuyan kwalba ko ƙarfe a kan tsirkiya, kusan tabbas buɗaɗɗen saiti ne, wato wanda tsirkiyoyi a sake suke ba da cikakken kod. Biyun da aka fi amfani da su: buɗaɗɗen G, wato D G D G B D, da buɗaɗɗen D, wato D A D F# A D. A cikinsu gida shine tsirkiyoyi a sake ko firet na 12, na huɗu firet na 5 a kwance, na biyar firet na 7. Faya-fayan da Robert Johnson ya ɗauka a 1936 da 1937 a Teksas suna da irin wannan, ga buɗaɗɗen saiti ga kapo a wasu, shi yasa mai saiti na yau da kullum zai sha wahala ya rasa dalili.

Gargaɗi: in ka gano waƙar a buɗaɗɗen E ko A take, kar ka ɗaure tsirkiyoyinka sama don ka kai can, musamman a jita mara lantarki mai kaurin tsirkiya, zaka iya tsinka su kuma wuyan jitar yana shan nauyi. Saita buɗaɗɗen D ko G ka ɗora kapo a firet na 2, sakamakon ɗaya ne.

10. Gwaji na ƙarshe

Mayar da gudu yanda yake, kaɗa tare da faifan daga farko zuwa ƙarshe, ka rage ƙarar jitarka ta zama ƙasa da ta faifan don in kai ne a sama zaka rufe kuskurenka da kanka. Ɗauki kanka da waya kana yi, ka saurara daga baya ba jita a hannu, duk inda ya yi tsami ka zagaye akwatin ka koma mataki na 5 a kansa shi kaɗai. Duba baitin da mai jita ke solo da baitin ƙarshe daban, wasu ƙungiyoyin suna leƙa na huɗu a gaɓa ta 2 lokacin waƙa su daina lokacin solo, wasu kuma suna tsayar da kiɗa cak a baiti ɗaya su bar murya ita kaɗai alhali gaɓoɓin na ci gaba da tafiya a ƙirge.

A takardar kuma, ƙarƙashin kowane suna ka rubuta lambarsa, 1 ko 4 ko 5. Ran da zaka raka mawaƙin da muryarsa bata kai A ba ya ce a sauke masa zuwa G, lambobin nan zaka bi, ka matsa hannu firet biyu baya kawai.